Gammon Mumuni

A takardarsu sun rubuta Mumuni Kano.
Bai taɓa taka Kano ba.
A Aboabo aka binne cibiyarsa,
bayan ɗakin Inna, gindin gwanda.
Ni ce ƙanwarsa, Lariba, bari in gyara musu.

Ɗan dako ne a rumfar goro.
Huhu biyu yake ɗorawa lokaci guda
daga Kejetiya har tashar jirgi,
yana tafe yana taunar daushe,
yana tsokanar matan Asante da guntun Tonancinsa.
Wuyan nan shi ya ja masa.
Saje ya kewaye shi kamar mai tayin sa,
ya ƙwanƙwasa kafaɗa ya ce, wannan na igwa ne.

Ran da ya shigo da kaki
Inna tana kirɓa sakwara, ba ta ɗago ba.
Taɓarya dai ta ƙara nauyi.
Ni na yage tsohon zanenta mai ruwan bula,
na murɗa, na naɗe, na ɗinke bakin.
Ya yi dariya: soja da gammo?
Amma ya cusa shi cikin riga.

Wasiƙa biyu muka samu daga Bama,
hannun akawu, bakin Mumuni.
Ya ce ruwan can ya fi na Kumasi rashin kunya.
Ya ce igwa kwance ta ake yi gunduwa-gunduwa
kamar san watanda, kowa da kasonsa,
shi ƙafa ce ta faɗo masa.
Ya ce in ta yi tari, ƙasa sai ta matsa gefe,
kunnensa na hagu ya daina karɓar sallama.
Ya ce bai taɓa ganin fuskar wanda ake harbi ba,
lamba ake kira, su ɗura, su toshe kunne.
Ya tambaya ko gwandar ta haihu.

Ta haihu.
Ba mu san inda za mu aika amsa ba.

Sauran labarin Atinga ya kawo shi,
ɗan Farafara, abokin kwanan raminsa,
ya zauna a dakalinmu yana magana da ƙarfi
irin ta wanda ba ya jin kansa.
Ya ce kogi ne, ruwa iya ƙirji,
asuba ba ta gama wanke ido ba
aka buɗe musu wuta daga cikin gora.
Wasu sun zubar da kaya, ba laifinsu.
Mumuni ya haye da nasa,
ya sauke a hankali, kamar huhun mai gida,
ya zauna, ya jingina,
ya ce a ba shi goro in akwai.
Babu.

Akwatin kwano suka aiko mana:
bargo, cokali, lambar tagulla mai fuskar baƙon sarki.
Na zazzage, na sake zazzagewa.
Atinga ya gane abin da nake nema.
Ya ce ƙasar can taɓo ce,
ba su so kansa ya kwanta a laka ba,
sai suka sa masa shi matashi.

Yau jikokina sun kai ni kallon tsohuwar igwa
a gidan tarihin soja, an shafe ta da fenti,
yara na leƙa bakinta suna ɗaukar hoto.
Ni ƙafar na dafa.
Na gwada ta da ido, na gwada da wuyan ɗan'uwana.

Allah Ya jiƙanka, Mumuni na Aboabo.
Duk rayuwarka gammo na bisa, kaya na bisansa.
Sau ɗaya tak ya koma ƙarƙashi,
kanka a kai,
ba komai a kanka sai ƙasar wasu.