Matakala Saba'in da Biyu

Daren Talata, Unguwar Rimi, ruwa na dukan kwano,
wuta ta tafi tun la'asar, ba ta ce ga ranar dawowa ba.
Mu biyar mun kewaye waya ɗaya kamar masu jin ɗumi,
Garnada ta ƙasar Sifaniya a tafin hannuna,
garin da ko sunansa yaran ba su iya kamawa daidai ba.

"Mai wurin iyo!" in ji Nasiba,
ita da ba ta taɓa tsoma ƙafa ko a gefen kogin Kaduna ba.
Ƙaninta Hamisu ya ce a duba masa filin ƙwallo,
shi tarihi bai dame shi ba.

Barau, maigidana, na gefe da biro da bayan ambulan,
yana mai da Yuro naira,
kowane jimla ya fitar sai ya ture hula ya sosa ƙeya.
"Kwana ɗayan nan, Lantana, buhun shinkafa uku ne
har da kuɗin ɗan dako."
Na ce, shekara shida muna zubin adashe
ba don mu je can mu ƙirga buhu ba.

Otal biyu suka rage a faifai.
Ɗaya a ƙasa, bakin titi,
da na'urar hawa bene, da shayin safe kyauta,
tagarsa na kallon bangon banki.
Ɗayan can bisa tudu, a tsohuwar unguwa,
lungu matsattse irin na Tudun Wada, mota ba ta shiga,
tsakar gida da bishiyar lemo da ruwa mai tsartuwa,
in ka buɗe taga da magariba
jan ginin Alhamra ne ke fara gaishe ka.
Sai dai wani baƙo ya bar gargaɗi a ƙasa:
matakala saba'in da biyu kafin ƙofa,
mai ciwon gwiwa kada ya ce ba a faɗa masa ba.

Na dubi gwiwar Inna, man zafi na sheƙi a kanta.
Na kai yatsa kan na bakin titi.
Ta riƙe mini hannu.

"Akwai buta a banɗakinsu?"
Muka tuntsire. Na ce za mu sa tamu a jaka.
"To alƙibla fa?"
Barau ya ce waya za ta nuna.
Ta yi shiru har ruwa ya tsagaita.

Can ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ubanki ya yi
yana zana Andalus da alli a allon makaranta.
Ya dawo, hannun riga fari fat,
ya zauna ba ni labarin marmaro da ƙofofi masu baka
kamar jiya ya kwana can,
alhali tafiyarsa ba ta wuce Damagaram ba.
Tabaransa na cikin akwatina.
Ban yi niyyar ɗaukarsa har can
ya kalli bangon banki ba."

Babu wanda ya tanka.
Barau ya ninke ambulan, ya sa a aljihu.
Na danna na tudu: ɗaki biyu, kwana huɗu,
irin wanda ake iya fasawa in biza ta ƙi.

Yau kwana tara ke nan.
Kullum bayan asuba Inna kan tsallaka gidan Asabe mai bene,
wai ba a fafe gora ranar tafiya.
Ta hau, ta sauko, ta hau,
carbi a hannu, da shi take ƙirga.
Matakalar Asabe goma sha huɗu ce.
Jiya ta kai arba'in da biyu, ta zauna tana haki,
Hamisu na bayanta da sanda da ruwan sha,
yana tambayarta wane ne ya gina jan ginin nan.

Fasfo na Abuja har yanzu.
Gwiwa ta kumbura, na kawo ƙanƙara a leda.
Ta karɓa, ta ɗora, ta dube ni.
"Saura talatin," in ji ta,
"kuma bizar ba ta riga ni ba."