Bilits

Jikata Tamsin ta zuba kabewa a injin markaɗe,
ta ce, "Kaka, bari in yi mata bilits, minti ɗaya."
Ta danna. Kicin ya ɗau ruri.
Hannuna ya saki cokali.

Ba ta lura ba. A bakinta
kalmar ba ta fi ƙwayar gishiri nauyi ba.
Ran Asabar bilits take wa ɗakinta da tsintsiya.
Wanta Rory nasa a allon dara yake, doki da sarki,
minti uku-uku, agogo na cizon yatsunsa.
Har ƙattin Amurka masu hular kwano a talabijin,
in sun yi caa a kan mai riƙe da ƙwallo,
sunan ke nan.

Ni ina 'yar shekara shida muka gamu,
nan Coventry, cikin Nuwamba,
farin wata tar kamar an wanke shi.
Jiniya ta yi kuka tun shayi bai huce ba.
Muka kwana a ramin bayan gida,
uwata na ƙirga faɗuwarsu,
lissafi ya ɓace mata, ta sake daga ɗaya.
Da gari ya waye babban cocinmu ba rufi,
layinmu ya zama bakin tsoho,
gidan su Maureen ne giɓin.

Daga baya aka kawo fursunoni kwasar ɓaraguzai.
Akwai wani Ottmar, siriri, mai fatattakun kunnuwa.
Na tsaya gabansa na jefe shi da kalmar.
Ya ajiye shebur, ya nuna sama.
Ya ce a garinsu walƙiya ce kawai,
wadda kakarsa ke lulluɓe madubi dominta,
mai riga ruwa isa gonar dankali.
An ɗaura mata yaƙi a wutsiya, in ji shi,
mutanenku suka datse wutsiyar, suka riƙe kan.

Na ce ƙarya kake, walƙiya ba ta kwana.
Tamu sai da asuba ta tafi.
Bai tanka ba. Ya ɗau sheburinsa.

Tamsin ta kashe injin.
"Ɗanɗana, Kaka."
Miya ta yi sumul, ba gudaji ko ɗaya.
Na ce a ƙara gishiri.

Hadari na haɗuwa ta wajen tashar jirgin ƙasa.
Na ja kujerata bakin taga,
ko zan ga wadda Ottmar yake nufi.