Abin da Sallau Ya Binne

Maris ya raba tsakiya.
Guga na dawowa daga rijiya da rabin ciki,
ƙasar bayan gida ta tsage irin ta dugadugina.

Na san suna ciki.
Sallau ne ya binne su,
kaka ɗaya kafin mu binne shi,
bai kafa tsinke ba, bai jera dutse ba,
ya ce shi ai ba ya mantuwa.

To ga ni da fartanya a hannu
ina taka lambuna kamar baƙuwa,
ina tsoron in sara inda rai ke barci.

Na fara da abin da ido ke gani.
Na datse busassun rassa,
na tara ganyen fiya na cinna masa wuta,
tokar na ajiye saboda gara.
Na toshe kafar da akuyar maƙwabta ta buɗe a shingen ƙyarana,
ƙaya ta karɓi ladanta a yatsana.
Kashin kaji buhu biyu daga Bukur,
mai keken ya ce warin ya fi kuɗin.

Ngo Kangyang ta leƙo ta katanga
da rumana shida a gwangwanin madara.
Ta ce, kan ya dubi sama, gindi ƙasa,
zurfin yatsa uku, kada ki shayar da su da yawa,
ruɓewa suke in an cika so.

Na shanya su a faifai.
Kafin in juya, Uwani ta ɗauki biyu
za ta yanka wa miyar rana.
Kaka, ba albasa ba ce?
Albasa ce, 'yar nan,
amma wannan ido take ciyarwa.

Sati biyu sama na yi mana alkawari.
Hadari ya taru kan duwatsun Shere da la'asar,
ya yi gyaran murya, ya watse.
Na share indararo, na jera duro,
na sake jerawa.

Ran Talata da dare ya sauko,
da ƙanƙara, yadda ya saba a garin nan,
kwano na ihu, ba mai jin maganar wani.
Na kwanta ina shaƙar ƙamshin ƙasa
ina lissafin abin da zai karye.

Kwana huɗu, shiru.
Na biyar na fita da buta da asuba
sai ga su:
koren harsuna sun huda ƙasa,
ba a inda na yi zato ba,
can gindin famfon da ya daina zuba,
su bi ta gefen turmi, su karkace wajen ƙofa.
Albasar kwaɗi, goma sha ɗaya.

Layin a karkace yake.
Haka yake tafiya tun da gwiwar hagu ta gaji.
Na bi shi a hankali, taku bayan taku,
har inda ya tsaya ya huta,
nan guda uku suka cunkushe wuri ɗaya.

Ban yi kuka ba. Ciyawa ma ta ji ruwan,
ta fito da dangi.
Na ce, Uwani, kawo tsinkaye da tsumma ja.
Ni ina mantuwa.