Sunan Ɗan Lamba Tara

A Unguwar Sanusi, bayan gidan mai,
akwai shagon Tukur inda muke buga gem.
Benci uku, talabijin biyu,
da fanka ɗaya da ta gaji da juyi.
Naira ɗari, minti goma.
Lasifikar ta mutu tun azumin bara,
shi ya sa aka naɗa ni mai sharhi.
Ladana ruwan leda, wata rana gyaɗa.

Gasarmu ta riga duniya da shekara goma sha biyu.
Duk 'yan wasan da muka sani sun tsufa a cikin injin,
sai ya shiga haifa mana nasa.
Wata Laraba ya haifo wannan:
dogo, ɗan Jamus, mai lamba tara,
ba uwa, ba ragon suna,
amma a gadon bayansa
an jera haruffa kamar taragon jirgin Rigasa:

Schwarzenbrückner.

Na ƙirga. Goma sha bakwai.
Wasula huɗu kacal ke dakon wannan kaya,
ɗaya ma da ɗigo biyu a ka
kamar kwaɗo ya leƙo daga kwata.

Harshenmu ba ya son tsandauri,
tsakanin baƙi da baƙi sai an ɗiga masa ruwa.
Na ce Shawarzan, na tsaya shan iska,
kafin in kamo wutsiyar sunan
an ƙwace ƙwallo, har an yi kwana a ɗaya gefen.

Kefas ya ce, daina wahalar da kanka,
sunansa Sha-burkutu.
Sagir ya faɗo daga benci don dariya,
ya ce shi Shawarma ya ji.
Tukur bai ɗago daga lissafinsa ba:
ku ce Bature ku huta, lokacinku yana tafiya.

Na ƙi. Suka ce taurin kai ne.

Babana ya yi shekara goma sha tara a masaƙar Kakuri.
Sunansa Zulƙarnaini.
Akawu ya ce layin katin ya yi gajere,
ya rubuta Zuka.
Da Zuka ya karɓi albashi,
da Zuka aka sallame shi ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo.
Katin yana ƙasan akwatin Inna.
Duk ranar da ta ci karo da shi
sai ta faɗi sunan cikakke, a hankali,
kamar mai yi wa takarda gyaran karatu.

Don haka na sa waya a kunne.
Muryar wata mata ta maimaita mini shi
har katina ya ƙare.
Na yi ta tauna shi cikin keke, daga Kasuwar Barci zuwa Kawo,
direba yana satar kallona ta madubi.
Ashe sai haƙori ya taɓa leɓe.
Ashe mai ɗigo biyun nan,
sai ka tsuke baki kamar mai hura wuta, sannan ka ce i.

Daren ɗaukar kofi, shago ya cika har ƙofa.
Ɗaya da ɗaya, saura minti guda.
Kefas ya cije leɓe, ya aika ƙwallo sama,
dogon ya tashi, ya sa kai,
na miƙe, na fara sunan tun daga tushe,

janareto ya yi tari sau biyu, ya mutu.

Ban tsaya ba.
Na ƙarasa shi cikin duhu, gaɓa bayan gaɓa,
ba tuntuɓe,
har na sauke shi lafiya a kan harafin ƙarshe.

Ba wanda ya san ko ƙwallon ta shiga.
Tukur yana laluben jarka, yana zagin mai gyara.
Sauro ya karɓi sharhi.
Can sai Kefas ya taɓa gwiwata, ya ce,
kai, sake faɗa in ji.