Farar Jarka

Ni ke riƙe da mabuɗin sito
a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, nan Dang,
shekara goma sha ɗaya ina ƙirga kwalabe.
Na san wadda ke tafasa ba da wuta ba,
na san mai hayaƙi in an ɗaga murfinta,
na san biyun da ba a haɗa su kanta ɗaya,
kamar 'yan'uwan da gado ya raba.
Sani dai na sani, ban faɗa ba.

Daminar Ngaundare ba ta neman izini.
Danshi ya bi bango ya lashe gam,
takardar da ke goshin farar jarka
ta naɗe kamar ganyen rogo, ta faɗi.
Na gan ta a ƙasa ran Talata, na ce gobe.
Goben ta zo da jarrabawa,
jibi da ɗalibai saba'in a kan fitila tara,
ban ƙara tuna ta ba.

Goggo Dudu kan riga rana isowa,
da tsintsiya, da bokiti, da ciwon gwiwarta.
Ta ga jarka ba suna, saura ɗan ruwa a gindi,
fari tas kamar na famfo.
Ta ce wannan za ta yi wa man gyaɗa,
ta juye a bokiti, ta tsoma tsumma,
ta matse da hannu biyu
irin matsar da ba a yi wa wasa ba.

Ihun ne ya same ni a bakin ƙofa.
Asta Wabi, 'yar aji biyu, ta riga ni,
ta riƙe hannuwan a ƙarƙashin famfo
tana ƙirga mintoci da muryar kuka,
ruwa na zuba, fata na tashi,
ni kuwa mabuɗi a hannu,
ban san abin da zan buɗe da shi ba.

Aka yi zama a ofishin bene.
Dokta Hamajoda ya ce bayanin na cikin fayil.
Fayil na kabad, mai kabad ya bi jirgin Yawunde.
Shugaban sashe ya ce an liƙa sanarwa,
kuma an liƙa, da Faransanci,
baƙaƙe ƙanana kamar ƙwan tururuwa.
Kamfanin Duwala ya ce da takarda ya aiko.
Kowa ya faɗi gaskiyarsa ya sha shayi,
hannu dai bai daina zogi ba.

A asibiti ta dube ni, ba fushi:
"Yaro, ƙoƙon kan nan da ƙasusuwa biyu
da nake sharewa ƙura a jikin kwalabenku,
na ɗauka hoton karatun likita ne."
Shekara shida tana goge gargaɗi,
ba a taɓa fassara mata shi ba.

Yanzu duk Litinin, kafin a buɗe aji,
nakan tara masu shara, da Sali mai gadi,
da Matiyas mai gyaran famfo.
In faɗa da Fillanci, in maimaita da Hausa,
in ɗaga kwalba in ce wannan tana cin fata,
wannan huhu take nema, wannan ido.
Na sayi jan fenti da sefa ɗina,
na rubuta suna da boko da ajami a jikin roba,
inda danshi ba zai iya lasa ba.
Jarkar da ta ƙare, ƙusa nake huda mata,
kada ta je gidan kowa ta zama tulu.

Goggo ta dawo aiki bayan Sallah,
safar roba har gwiwar hannu.
Jiya na ji tana tsayar da sabon ɗalibi:
"Mene ne a ciki? Rubuta kafin ka ajiye."
Ya rubuta.
Jikarta na jiran kitso tun watan jiya,
yatsun ba su yarda su lanƙwasa ba.