Shafi Uku na Ƙarshe

A Jekadafari rumfata take,
tsakanin mai cajin waya da mai ɗinkin takalma.
Hayar littafi nake bayarwa, ɗari biyu kwana uku,
kuma na san kowa da irin gawar da yake so.

Barira ta ɗakin gwajin jini
ba ruwanta da wanda ya fi kuka a gidan makoki.
Ita dai a ba ta silin gashi a bakin kofi,
ƙasar da ta maƙale ƙarƙashin farce,
tsutsar da ke faɗin kwana nawa mamaci ya yi a ɗaki.
In marubuci ya ce jini ya kwana bai sauya launi ba,
sai ta dire min littafin da tsaki:
“Wannan ko kwalba bai taɓa wankewa ba.”

Malam Ishaya, ɗan Kaltungo, mai koyar da lissafi,
shi jini tashin zuciya yake sa shi.
Ɗaki yake so a kulle ta ciki,
baƙi bakwai, shayi ya huce,
kowa na riƙe da ƙaryarsa kamar carbi.

Adda Dudu kuwa daga baya take farawa.
Ta ce hawan jininta ba ya son jira.
Sai ta san mai laifin tukuna,
sannan ta koma farko ta bi shi sannu,
tana kallon yadda yake gaisawa da jama'a.

Wata Laraba littafi ya dawo
babu shafi uku na ƙarshe.

Barira ta ɗaga shi a hasken rana.
“Ba yaro ba ne. Yaro fizga yake yi.
Wannan ninkewa ya yi, ya bi da farce.
Bahago ne. Ga kuma jan goro a gefe.”
Ishaya ya jawo rajistata, fensir a kunne:
mutum biyar suka ɗauka a watan,
biyu ba sa cin goro,
ɗaya na Dadin Kowa tun sallah,
ɗaya kuma, Allah sarki, ba haƙori.
Adda Dudu ta gyara mayafi ta ce,
“Ku kuna ta wahala.
Wa ke zaune nan tun ɗazu bai tambayi ƙarshen ba?”

Saja Manu mai ritaya, a kan benci,
ya sa hannun hagu cikin aljihu.
Ga su nan a ninke, kamar laya.

“Shekara ashirin da shida ina ɗamara,” in ji shi.
“Wata damina muka tsinci mutum a kwari, hanyar Dukku.
Sabuwar hula. Tikitin jirgin ƙasa a aljihu.
Ba suna, ba mai cigiya.
Ni na rubuta rahoto, ni na riƙe masa ƙafa zuwa rami.
Har yau in ruwa ya sauko da dare, ina tashi zaune.
Su kuwa naku, shafi ɗari biyu,
komai ya ɗinke, ko zare bai yi saura ba.
Na so ko guda ɗaya ya ƙare
yadda nawa ya ƙare.”

Janareton maƙwabci ne kawai ke magana.

Ban karɓi shafukan ba.
Littafin nan yanzu ya fi kowanne fita,
kowa ya dawo da nasa mai laifin,
a yi ta musu har a kira magariba.

Amma ran nan, kafin a watse,
Barira ta ajiye jaka, ta matsa kusa da shi.
“Baba,” ta ce, “hular nan,
ɗinkin ina ce?
Ƙasar da ke takalminsa,
ja ce ko baƙa?”

Ya rufe ido.
Ya daɗe.
Ya ce, “Ja ce.”