Kashi Talatin da Ɗaya

Kwana uku rana ba ta leƙo duwatsun Flinders ba.
Farantin sola na kwance bisa rufin tirela,
tire ne da ba a ɗora wa komai ba.
Ƙarƙashin benci batirin ke zaune,
baƙi, shiru,
idonsa ɗaya, kore,
yana faɗin gaskiya ko ba a tambaye shi ba:
talatin da ɗaya.

Baki biyu ke sha daga gare shi.
Ga firji, inda ruwan allurata ke kwana
tsakanin man shanu da ɓarin lemon tsami.
Ga na'urar Mervyn, mai tiyo da takunkumi,
da ke tura masa iska
in maƙogwaronsa ya manta aikinsa cikin barci.

Na yi lissafi a bayan rasitin mai.
Na goge, na sake.
Lissafi ba ya jin magiya.

Ya ce, "Glenys, zare tawa.
Shekara sittin na yi ina numfashi
ban nemi izinin waya ba."
Na ƙyale shi.
Ba shi ya zauna a bakin gado a Whyalla ba
yana ƙirga shirun da ke tsakanin minshari da minshari.
Ni na ƙirga. Na kai arba'in
kafin ƙirjinsa ya tuna da ni.

Butar lantarki ta fara tafiya,
sai rediyo, sai fitilar karatu.
Wayoyinmu biyu na kashe su kamar kyandir.
Ɗumin da na'urar ke sa wa iskar ma na hana ta:
ya shaƙi mai sanyi, ai dai iska ce.
Can na durƙusa gaban firji,
gwiwata ta yi ƙara,
na murɗe shi.

Kwalaben nan uku na zura cikin safar ulu,
safar cikin gwangwanin biskit,
gwangwanin a bayan taya, na danne da dutse.
Daren nan yana da sanyin da ba a biya,
na ce ya riƙe mini amana
amma kada ya yi zuciya ya daskarar.

Ƙarfe biyu: ashirin da biyu.
Wani abu ya wuce ta gindin itacen turare,
tsalle, tsayawa, tsalle.
Na fita da tocila, na taɓa gwangwanin.
Ƙarfe huɗu: goma sha huɗu.
Na'urar na ja, tana saki,
bargo na hawa, yana sauka.
Shekara arba'in da uku da aure
ban taɓa sanin nauyin numfashinsa ba
sai da na gan shi a lamba.

Gari ya waye a kan tara.
Ya tashi da shaidar maɗauri a kumatu,
ya ce ya yi mafarkin teku, ina shayi?
Na nuna masa rishon gas da ashana.

Man shanun ya yi laushi. Allurar lafiya lau.
Ina ɗaga riga, ina neman wurin da ban huda ba,
sai gajimare ya tsage kaɗan,
faɗin tafin hannu.

Ban ce komai ba.
Na zauna kan benci da kofi a hannu
ina jiran tara ta zama goma.